Makulli Na Arba'in da Biyu

Makullai arba'in da ɗaya ne a ƙugun matar da ke kula da ɗakunan kwanan ɗalibai mata, shi ya sa 'yan matan suke ce mata Mama Makulli. Tun daga nesa ake jin tahowarta. Tana da na ɗakuna, da na sito, da na famfo, har da na wani kabad da ba wanda ya san abin da ke ciki. Wanda ba ta da shi ɗaya ne: na ƙofar baya.

Shekara biyu ke nan da ɓarawo ya shiga ta ƙofar ya kwashe wa ɗalibai kwamfutoci. Washegari shugaban jami'an tsaron jami'ar ya zo da sarƙa da kwaɗo ya ɗaure ta, ya jefa makullin a aljihu, ya tafi yana jin ya gama da sata a duniya. Tun ran nan yara ɗari uku suke shiga da fita ta ƙofa ɗaya, ga risho a ƙarƙashin gadaje, ga wayoyin lantarki duk sun zama tsumma. Takarda huɗu Mama Makulli ta rubuta masa. Duk wadda ta kai sai ya karɓa da yatsu biyu, ya ce za a duba. Kowa ya kai masa kuka abin da yake ji ke nan, har sunan ya bi shi, masu gadinsa ma a bayan idonsa Za-a-duba suke ce masa.

Ba don aikin kaɗai abin yake cin ta ba. A ɗakin ƙarshe, daf da ƙofar, akwai 'yar ƙaninta marigayi, wadda ake kira Lauya saboda karatun da take yi da kuma bakinta. Da sanda take tafiya tun tana ƙarama. Mama Makulli da kanta ta zaɓa mata ɗakin don kusancinsa da ƙofa, sai ga shi ta ajiye ta a wuri mafi nisa da hanyar fita.

Ana haka aka shigo Makon Wayar da Kai kan Tsaro. Kai, an ga ikon Allah. Aka rataya ƙyallaye ko'ina an rubuta RIGA-KAFI YA FI MAGANI. Aka raba huluna da usur. Za-a-duba ya ɗinka sabon kaki mai igiya a kafaɗa, ya riƙa bin azuzuwa yana koya wa mutane yadda ake tsallaka titi, mutanen da wasunsu da 'ya'yansu. Ranar Talata ya turo masu fenti suka zana korayen kibiyoyi a bangon baranda, tun daga matakala har ƙarshe, suka rubuta ƘOFAR TSIRA da manyan baƙaƙe a saman ƙofar baya. Sai da mai fentin ya ɗaga sarƙar da hannu ɗaya kafin ya samu ya shafe ƙasanta.

Ran Laraba ya tara 'yan matan a tsakar gida, ya yi awa guda yana nanata musu magana ɗaya: in kun ga hayaƙi, kada ku yi tunani, ku bi kibiya. Lauya ta ɗaga hannu ta tambaye shi ina kibiyar ta nufa. Ya ce tambaya ce mai kyau, ya wuce zancen kashe wuta da yashi.

Da aka watse Mama Makulli ta tare shi a bakin mota.

"Ranka ya daɗe, gobe ne za a yi gwajin tsira daga gobara. Ka ba ni makullin nan ko na yini ɗaya ne."

"Haba, Mama. Gwaji ne fa, ba gobara ba. Ta gaba za su fito, nan masu hoto za su tsaya." Ya gyara hularsa a madubin mota. "Batun makulli kuma, za a duba."

Ta bi motar da kallo. Ta daɗe da daina jin haushinsa, yanzu raini ne kawai ya rage, irin wanda ake yi wa tulun da aka yi wa zane alhali gindinsa a fashe yake.

Alhamis da hantsi aka kafa rumfa, manyan jami'a suka zauna da ruwan gora a gabansu. Don abin ya yi kyau a hoto, Za-a-duba ya sa aka cika rabin duro da tsummokara da tsohuwar katifa, aka ajiye a gefen ƙofar gaba, aka cinna. An shirya cewa da jiniya ta yi ƙara yara za su fito biyu-biyu suna murmushi. Iska ce kawai ba a sanar da ita shirin ba. Ta juya, ta kwashi baƙin hayaƙin nan ta cusa shi cikin baranda.

Su kuwa yaran, abin da bai taɓa zato ba, ashe sun saurare shi. Suka ga hayaƙi ta gaba, ba su yi tunani ba, suka bi kibiya.

Daga waje aka fara jin ƙofar baya tana jijjiga, sarƙa tana kuka, ga usur ɗari yana tashi a lokaci ɗaya. Wani babba a rumfa ya soma tafi, yana tsammanin cikin shirin ne. Mama Makulli ta zagaya da gudu, makullanta na dukan cinyarta. Ta tsagar ƙofa ta hango fuskar Lauya a manne da ƙarfe, mutane sun danno ta ta baya, bakin nan da ba ya shiru ya buɗe amma ba abin da ke fita.

Za-a-duba ya iso yana haki, yana lalube aljihu. Na ƙirji, na wando, na baya, ya sake komawa na ƙirji. Makullin yana cikin tsohon kakin, a gida, a rataye.

Ba ta ko dube shi ba. Kafintan da ya kafa rumfa ya bar gudumarsa a gindin bango, ta ɗauka. Kwaɗon yana ta ciki, don haka mariƙin ƙarfen da aka zura sarƙar ta nufa ta tsagar. A bugu na shida ya fita, ƙofa ta wage, yara suka zubo kan juna suna tari. Lauya ce a ƙasan kowa. Sandarta ta karye biyu, kafaɗarta ta goce, amma tana numfashi. Da ta samu magana abin da ta fara cewa shi ne, "Gwaggo, kin ga inda kibiyar ta nufa."

Mai hoto ya samu abin da yake so. A mujallar jami'a aka buga yara suna fitowa ta Ƙofar Tsira, Za-a-duba a gefe ya miƙa hannu kamar shi ya buɗe. Aka rubuta cewa gwajin ya nuna ɗalibai sun fahimci darasi.

Ita kuma Mama Makulli bayan kwana uku takardarta ta iso, kuma wannan karon ba a ce za a duba ba. An same ta da lalata kayan jami'a da shiga aikin da ba nata ba, an mayar da ita sashen wanki daga ranar Litinin. Kafin ta gama karantawa ta ji ƙarar walda a ƙarshen baranda. Sabon mariƙi ake sawa, da sabon kwaɗo wanda ya fi na da girma, a ƙarƙashin rubutun nan da fentinsa ko mako bai yi ba.

Ta ƙirga wa wadda ta gaje ta makullai arba'in da ɗaya, ta sa hannu. Sannan ta bi kibiyoyin har ɗakin ƙarshe. Lauya na zaune a gado da hannu a rataye. Mama Makulli ta buɗe jakarta ta fito da gudumar, wadda kafinta ya ce ta riƙe, ta tura ta ƙarƙashin katifa ta wajen hannun da ke da lafiya.

"Ta ciki ya fi sauƙi," ta ce. "Kada ki ɓata ƙarfinki a kan kwaɗon. Mariƙin za ki buga."