Faifan da Kwamfutar Yaya Ta Ƙi Gani

Shekara biyu ke nan Auta ba ta taka shagon yayanta ba, kuma ba don Inna ta kira ta a waya har sau uku ba, da ranar ma ba ta je ba. Auta mai gyaran kwamfuta ce, tebur ɗaya take da shi a wani lungu na kasuwa. Yayan nata tela ne, aikinsa ɗinka tambari a rigunan makarantu da wani babban keke mai kai huɗu, wanda kwamfuta ke ba shi zane. Ɗaki ne ya raba su. Bayan rasuwar mahaifinsu ta roƙi ɗan ɗakin da ke jikin shagon don ta buɗe wurin gyara. Ya ce ba za a ga ƙanwarsa da sukudireba a bakin titi ba, sannan ya ba ƙanin matarsa ɗakin, wanda ake kira Mai Caja, ya zuba kayan waya.

Da hantsi ta shiga da sallama. Yaya ya amsa a maƙoshi, idonsa na kan tarin fararen riguna ɗari uku da makaranta ke jira jibi.

"Inna ce ta ce in zo," in ji ta.

"Ni ma Inna ce ta ce in bari ki zo. Ga kwamfutar can."

Mai Caja ne ya yi bayani, yana tsaye a bakin ƙofa yana kaɗa makulli. Tsohuwar kwamfutar ta ƙone da aka kawo wuta da ƙarfi. Sun samo wata, ya ciro faifan ajiyar tsohuwar ya sa a ciki, amma ta ƙi tashi. Zanen shekara goma sha ɗaya na cikin faifan, da babbar manhajar da ke tayar da kwamfutar, da wadda ke magana da keken.

"Ni dai na ce a wanke faifan a zuba sabo, a huta," in ji shi.

"A wanke zanen ke nan. Kai za ka sake zana su da caja?" in ji Auta.

Ta kunna. Fuskar kwamfutar ta yi baƙi, da layi ɗaya na rubutu cewa babu inda za ta tashi daga gare shi. Ta kashe, ta sake kunnawa tana danna maɓalli har ta shiga bayos, wato shafin da kwamfuta ke lissafa abin da ke jikinta tun kafin manhaja ta farka. Gurbin faifai wayam.

Ta kwance murfin. An cusa wayar faifan a ramin da haƙoransa suka lanƙwashe, wayar wuta kuma rabi kawai ta shiga. Ta ɗaga kai ta dubi Mai Caja.

"Da guduma ka sa wannan?"

"Ke, ki iya bakinki," Yaya ya ce. "A shagona kike."

"Na sani sarai. An nuna mini tun tuni."

Ta mayar da wayar wani rami, ta danna ta wuta har ta ji ƙas. Wannan karon sunan faifan ya fito. Ta ɗora shi a kan gaba cikin jerin abin da za a fara dubawa, ta adana, ta sake kunnawa. Baƙin shafin nan ya dawo da layinsa. Mai Caja ya tuntsire da dariya, ya ce ashe injiniyar ma lalube take yi.

Auta ta ƙara matsawa gaban kwamfutar. Ta gane matsalar. An tsara faifan a kan tsohon salon tayarwa, sabuwar kwamfutar kuwa sabon salo kaɗai aka ce ta nema. Kwamfutar tana ganin faifan, ba ta san ta inda za ta shige shi ba. Auta ta sauya saitin zuwa tsohon salo. Tambarin manhaja ya bayyana, ya yi ɗan juyi, sai fuskar ta yi shuɗi, kwamfutar ta mutu.

"Kin kashe mini ita!" Yaya ya yar da almakashi ya taso. "Dama abin da ya kawo ki ke nan."

"Ka matsa daga kaina, Yaya, kana tare mini haske."

Saura abu ɗaya, yadda kwamfutar ke magana da faifan. Ta mayar da shi yadda tsohuwar ta saba. Ta sake kunnawa. Daga nan shafin ya buɗe, ga jakunkunan zane reras, kowace da sunan makarantarta. Yaya ya aika tambari ɗaya, keken ya ɗauki sukuwa a kan rigar gwaji. Bai dube ta ba.

Ita kuwa kunnenta na jikin kwamfutar. Faifan yana wani ƙyas-ƙyas a hankali, irin ƙarar da ta sha ji kafin faifai ya mutu. Ta zaro filashinta, ɗan abin ajiyar bayanai, daga jaka ta soka, ta fara kwafe zanen.

"Me kike ɗauka?" in ji Yaya.

"Faifan nan ya kusa mutuwa. Ina ajiye maka ne."

"Yanzun nan ya tashi lafiya lau," in ji Mai Caja. "Yaya, telolin kasuwarsu nawa ne ke neman zanenka?"

Yaya ya dube ta ido cikin ido, karo na farko tun shigowarta. "Cire."

"Ni kake kira ɓarauniya?"

"Na ce ki cire."

Awon kwafin bai kai rabi ba. Ta fizge filashin, ta jefa shi kan teburin yanka, ya faɗa cikin ƙyallaye. Ta tattara sukudirebobinta ta fita ba sallama.

An kai wa makaranta rigunanta a kan lokaci. Kwana goma sha tara bayan haka faifan ya yi shiru gaba ɗaya. Yaya ya kai wa masu gyara biyu a wata unguwa, duk suka ce sai haƙuri. Abin da ya tsira shi ne na cikin filashin, wanda matarsa ta tsinta ranar da take shara: zane ɗari da 'yan kai, cikin fiye da ɗari uku.

Inna ce ta ba Auta labarin, ranar da ta je gaishe ta, tana shafa mata man zafi a gwiwa.

"Ya rame, Auta. Kullum yana zaune yana sake zana su ɗaya bayan ɗaya. Ki je ki duba shi mana."

"Shi ya ce in je?"

Inna ta kawar da kai wajen taga. Auta ta rufe kwalbar man, ta ce, "Miƙo ɗayar ƙafar, Inna."