Samfurin Da Ya Ƙi Kumbura

Ranar Litinin mota ta dawo mana da kayanmu. Ina cikin sharar bakin ƙofar kamfani ta shigo da baya, direban ya diro fuska a murtuke, ko sannu bai ce mini ba. Gidajen famfon ruwa ne ɗari uku da muka zuba da alminiyam a watan jiya. Masu saye sun ce duk wanda suka sa wa ruwa sai ya riƙa tsattsafo da shi ta jikinsa kamar gumi. Manaja ya sa aka yanka guda da zarto a gaban kowa. Cikinsa duk ƙananan huji ne, kai ka ce burodi.

Shekarata goma sha ɗaya ina shara a wannan kamfanin zubi, kuma ba a rufe wa mai shara ƙofa. A aji huɗu karatuna ya tsaya, sauran duk a bakin ƙofofi na yi shi. Abin da na tsinta ke nan: alminiyam idan ya narke yana shan wata iska da ake kira haidirojin, daga danshi yake samunta. Idan ya zo daskarewa sai iskar ta rasa hanyar fita, ta bar huji a cikinsa. Shi ya sa kafin a zuba ake saka masa wata sanda mai juyawa, ma'aikata suna ce mata maburgi, ta yi minti goma tana korar iskar. Mai riƙe da maburgin ɗana ne, Auta. Shekararsa arba'in da biyu, ga furfura a gemu, ga 'ya'ya biyar, amma Auta nake kiransa, kamfani duka suka ɗauka.

Bayan maburgi sai awo. Mai awon wata siririyar yarinya ce mai tabarau, kowa Malama yake ce mata. Takan ɗebi ƙarfen a ɗan kofi, ta ruga da shi ɗakinta, ta kifa masa murfin gilashi, inji ya zuƙe iskar da ke ƙarƙashin murfin. In ƙarfen na da haidirojin, samfurin zai kumbura ya yi tozo kamar ƙullun da ya kwana. In babu, sai ya fito sumul, tsakiyarsa a loɓe. Wata uku cur ba samfurin da ya kumbura. Takardarta ta ce ƙarfe lafiya lau, ga kuma abin da zarto ya nuna.

Manaja ya kira Auta da Malama ofis. Ni kuwa sai na tuna bakin ƙofarsa na bukatar guga.

"Malama, awonki gaskiya ne?"

"Abin da inji ya nuna shi na rubuta, Yallaɓai."

"To saura kai, Auta. Ko ka ba ta samfur daga tukunya ɗaya ka zuba daga wata, ko ka ƙara jiƙaƙƙen ƙarfe bayan ta auna. Wanne ne?"

Auta ya ce ko ɗaya bai yi ba. Manaja ya ce ya ba shi zuwa Juma'a. In bai kawo masa dalili ba, ya ajiye hular kwanonsa a kan tebur ya kama gabansa.

Na ɗora zargina kan Malama tun kafin su fito. Yarinyar ba ta hira da kowa, ita kaɗai take cin abinci, kuma duk sanda za ta yi awo sai ta tura ƙofa da ƙafa. Me ake ɓoyewa a kofin ƙarfe? Na tambayi mai sito haka, a cikin sirri, na ce kada ya gaya wa kowa. Kafin la'asar masu gugar ƙarfe suna cewa masu saye ne suka saye ta don a rage musu farashi, direbobi kuma suna cewa 'yar ƙanwar Manaja ce. Na biyun ba daga bakina ya fito ba, amma ban ƙaryata ba.

Ranar Laraba na ga tagar ɗakinta ta yi datti ta waje. Na kawo bokiti na tsaya. Ta shigo da gudu da kofin a matse da awartaki, ta tura ƙofa, ta ajiye. Sai na ga ta zura hannu a jakarta, ta ciro wani ɗan kwalba, ta lakato da yatsa, ta shafe bakin murfin gilashin da sauri kafin ta kifa. Ban tsaya ƙwanƙwasawa ba.

"Sannu da aiki, 'yata. Kwalliya ake yi wa injin?"

Ta zabura har tabarau ya zamo mata. "Iya, ba a shigowa ana awo."

"Na shigo. Mene ne a kwalbar?"

Man shafawarta ne. Ta jira har injin ya gama, sannan ta ɗaga murfin ta nuna mini zoben robar da yake zaune a kai. Ya bushe, ya tsage wuri biyu. Ta ce sau uku tana rubuta wa mai sito, yana cewa babu. Da man take toshe tsagar, kuma tana rufe ƙofa ne don kada a ga mai takardar makaranta tana gyaran inji da man jiki.

"Amma yana aiki, Iya. Duba." Ta sake kunnawa. Allurar agogon injin ta taho, ta tsaya nesa da jan layi tana rawa. Ta ƙwanƙwasa gilashin agogon da farce sau biyu, allurar ta yi tsalle ta hau layin. "Kin gani? Haka wanda na gada ya nuna mini."

Ni ban san allura ba. Na dai kai kunnena kusa da murfin, na ji wani siririn sauti kamar na tayar keke da ƙaya ta soke.

"Abin nan shan iska yake yi ta gefe," na ce.

Ta kara nata kunnen. Da ta ɗago, fuskarta ta canja. Ta zauna a kujera.

Na fita kamar in taka rawa. Da aka tashi aiki na wuce gidan Auta kai tsaye, na same shi zaune a tabarma, matarsa tana zuba abinci. Na zayyana musu komai, har da kwalbar. Surukata ta ce Alhamdu lillahi, ta ƙara mini nama. Shi kuwa ya sa cokali a kwano yana juyawa, bai kai baki ba. Na haifi yaron nan, na san yadda yake yi tun yana satar sukari.

Sai wani abu ya faɗo mini. Da can, idan aka kunna maburgi ina bakin ƙofa, nakan share har tulin gutsuttsarin ƙarfe kafin ƙugin ya tsaya. Kwanan nan ko rabi ba na kaiwa. Na ɗauka tsufa ne ya rage mini sauri.

"Auta, minti nawa kake yi wa maburgi?"

"Inna, ci abincinki zai huce."

"Zai jira. Minti nawa?"

Ya kalli matarsa, ya kalli ƙofa. "Shida."

Ya ce ba rana ɗaya ya yi ba. Da Manaja ya ce a ƙara zubi biyu a yini, sai ya gwada tara, samfur ya fito sumul. Ya gwada takwas, sumul. Ya ga ashe asarar lokaci ake yi. Tunda Malama ba ta taɓa dawo masa da tukunya ba, ya yi ta sauka har shida.

"Ita ta dogara da allura, kai ka dogara da ita," na ce. "Sai ni da tsintsiya ce ban dogara da kowa ba."

Surukata ta matso, ta rage murya kamar akwai mai ji a bayan labule. "Inna, wannan maganar ta tsaya a ɗakin nan. Inji ya lalace, yarinya ta ɓoye. Shi ke nan. Wa ya ƙirga mintoci?"

"Ni ban ce zan faɗa ba."

"Inna, ke ce fa."

Na ji zafin wannan, amma ban iya musawa ba.

Ranar Alhamis da safe na shiga ofishin Manaja da tsumma a hannu, na ce masa injin awo yana yoyon iska. Ya dube ni ta saman takardarsa.

"Iya, yaushe aka koma da ke sashen awo? Ko don ɗanki ne?"

"Don shi ne. Amma je ka ji da kunnenka."

Ya ce shi ba ya awo da kunne. Ya aika aka kira Auta da Malama, yana kallon kowannenmu kamar mun haɗa baki. Auta ne ya ce akwai hanyar tsofaffin maƙera. A ɗebi ƙarfe a ludayi, a tsoma ɗanyen itace a ciki don ya sha danshi da gangan. Irin wannan ƙarfen dole ya kumbura. In bai kumbura ba, injin ne maƙaryaci.

Ni na karyo reshe daga bishiyar da ke bayan ɗakin janareto. Auta ya sa safar hannu da gilashin fuska, ya kore mu baya, ya tsoma reshen a hankali. Ƙarfen ya yi ta ɓararraka yana hayaƙi. Malama ta ɗiba, muka bi ta a guje, Manaja yana haki a baya. Wannan karon ba ta shafa mai ba, ba ta kuma taɓa agogon ba. Muka tsaya mu huɗu muna kallon kofi ta cikin gilashi. Da ta ɗaga murfin, samfurin ya ɗan ɗago kaɗan ne kawai, irin wanda za a ce ya wuce.

Manaja ya juya gare ta. Ta ciro kwalbar da kanta ta ajiye a tebur, ta ciro kwafin takardunta uku na neman roba ta jera kusa da ita.

"Wata uku kina yi mini awo da man shafawa," in ji shi. "Ba ki zo kin same ni ba. To ke ce za ki ajiye mini rigar aiki."

Na ji sanyi a raina don Auta. Yarinyar ta cire tabarau tana gogewa da gefen rigarta, ta goge, ta sake gogewa.

Manaja ya kai bakin ƙofa sai ya tsaya. Ya dawo ya ɗauki samfurin da awartaki yana juyawa.

"Tsaya tukuna. Injin awo ba ya huda ƙarfe, gani kawai yake yi. Ya makance, na yarda. To wa ya bar iskar a ciki?"

Ya dubi Malama. Ita ce take tsaye kusa da tukunya kullum tana jiran ɗiba, da agogo a hannunta, ba yadda za a yi a ce ba ta lura ba. Ta sunkuyar da kai, ta ce ita awo ne aikinta. Ya dubi Auta. Auta ya dube ni. Ni kuma na dubi tsumman hannuna. Rantsuwa zan iya yi ban buɗe baki ba, kuma a rayuwata ban taɓa shan wuyar shiru irin ta wannan lokacin ba.

"Minti shida nake yi, Yallaɓai," in ji Auta.

"Wa ya ce ka rage?"

"Ba wanda ya ce. An ce a ƙara zubi biyu, ba a ƙara awa ba. Na ga samfur yana wucewa."

Manaja ya daɗe yana kallon zoben robar. Sannan ya ce kowa ya fita, har da masu goge abin da ba ya bukatar guga.

Juma'a da hantsi aka liƙa takarda a allo, na sa wani ya karanta mini don idona ba ya ganin ƙananan rubutu. Ba a kori kowa ba. An cire Auta daga maburgi na wata biyu, an kai shi ɗakin guga inda sababbin shiga suke farawa. Malama za ta zauna gida mako biyu. Robar kuwa, da Manaja ya je sito da kansa, an same ta a aljihu na biyu na teburin mai sito.

Surukata ta aiko mini da jikata ta ce kada in wahalar da kaina zuwa cin abincin Asabar da muka saba, ba za su kasance a gida ba. Na san suna gida.

Da rana na shiga ɗakin guga da tsintsiyata. Auta yana tsugune gaban dutsen guga, ƙurar ƙarfe ta rufe masa gemu, yaran da ya girme su da shekara ashirin suna ce masa sabon ɗalibi. Ya kashe injin da ya gan ni.

"Inna, kin kyauta."

"Me na yi? Ko tari ban yi ba."

"Shi ya tsorata ni. Na ce in Inna ta yi shiru haka, fashewa za ta yi a gaban mutane. Gara in riga ki."

Na ce masa ya ɗage ƙafarsa zan share wurin. Ya ɗage, ya gyara hularsa, ya sake kunna injin.