Takalman Guguwa

Jajibirin ranar da za a buɗe mutum-mutumin Guguwa a shataletalen tashar mota, Saje mai ritaya ya ɗaga tamfol ya leƙa.

Guguwa kofur ne a rundunarsu. Shi ya goyo Saje ya ƙetare kogi da shi ana ruwan harsashi, ya kuma koma ya ɗauko wasu. A kan haka aka ba shi lambar yabo. Yanzu ya rasu, gari ya sa an zuba siffarsa da tagulla, an ce Saje ne zai ja ƙyalle gaban manya.

Ga Guguwa tsaye, amma baƙi-baƙi, kore-kore, kamar tukunyar da aka manta a bayan ɗaki.

Saje ya kirawo Mai Bigila da Kuku, ragowar 'yan rundunar.

"Haka za mu kai shi fareti?" in ji shi. "Da a bariki ne, a kulle a gadirum zai kwana."

Suka kawo toka, lemun tsami da tsumma. Lambar yabon da ke ƙirjinsa kaɗai suka yi niyyar gogewa. Da ta yi ƙyalli sai maɓallai suka zama abin kunya. Daga maɓallai sai bel, daga bel sai takalma. Fuska ce ta gagare su, don babu mai gwiwar hawa tsani.

"Tofa yawu, Kuku, haka ake yi," in ji Saje.

"Da wane yawun? Haƙorana ma a gida na baro su."

Suna cikin haka maƙeriyar da ta zuba tagullar ta sauko daga mota. Ta ɗora hannu a ka.

"Baba! Me kuka yi min? Wannan duhun da gangan na sa shi, da magani da wuta!"

"Tsatsar?"

"Ba tsatsa ba ce, launi ne! Sai dai a ɗage bikin, in mayar da shi maƙera."

An riga an ɗauko matar marigayin daga nesa, tsohuwar da ba kullum take iya tafiya ba. In aka ɗage, wa ya san ko za ta sake zuwa?

"'Yata," ya ce, "hukunta ni, amma kar ki taɓa ranar. Soja ba ya fita gaban manya da dattin takalmi, ko da na ƙarfe ne."

Ta ja da baya ta daɗe tana kallo, tana huci.

"Damina ɗaya zai koma yadda na yi shi," ta ce.

"Ba muna nan ba?" in ji Mai Bigila.

"Allah ya shirye ku. Ku rufe shi."

Washegari Saje ya ja ƙyalle. Rana ta bugi takalman, manyan baƙi suka kare ido da hannu. Aka matso da tsohuwar a kujera. Ta duba daga sama har ƙasa, sannan ta yafito Saje.

"Kai ka goge masa?"

"Ni ne, Yaya."

"Na sani. A gida ko cokali bai taɓa wankewa ba."

Saje ya ƙame ya sara, kafaɗunsa na rawa don dariya.