Tambaya ta Shida a Takardar Likita

Takardar asibiti ba baƙuwata ba ce. Ina da shekara goma sha shida Umma ta rasu, Baba ya bi ta kafin shekara ta zagayo, suka bar mini ƙanne huɗu da keken ɗinki. Tun daga nan ni ce mai sa hannu: makaranta, rigakafi, karaya, duk ni. Amsoshin sun zauna mini a ka, ko daga barci aka tashe ni zan zuba su.

Shi ya sa da likitan da ke sa mutane barci kafin tiyata ya tsaya a kan gadon Auta yana karanto tambayoyi, ban ko ɗaga kai ba. Ina shafa mata goshi ne. Tun safe take murƙususu da ciwon ciki, aka ce wani ɗan hanji ne ya kumbura, sai an cire shi yau.

"Uwa tana raye?"

"Ta rasu. Hawan jini."

"A danginta akwai wanda maganin barcin tiyata ya taɓa ba shi matsala?"

"Babu."

Ya ja layi, na sa hannu, ya wuce.

Sai da nas ta kwance birkin gadon ta fara turawa, sannan abin ya faɗo mini. Amsar Umma na bayar. Auta kuwa ba Umma ce ta haife ta ba.

'Yar Goggo ce. Auta tana wata takwas, iyayenmu ba su jima da rasuwa ba, aka shiga da Goggo tiyata, ƙaramin aiki, aka sa ta barci, jikinta ya ɗauki zafi kamar garwashi, ba ta farka ba. Mijin ya ce ba zai iya da jaririya ba. Dangi suka yi ta kallon ƙasa, masu manyan gidajen nan, har na gaji na ɗauke ta na goya. A ranar na kafa doka a gidanmu: duk wanda ya ce mata 'yar wani wuri ce, ni da shi. Katinta na asibiti ma da sunan Baba na buɗe shi. Shekara tara muna faɗin abu ɗaya, har ni mai dokar na manta ƙarya ce.

Ƙanena Dogo, wanda ya kawo mu a motar aikinsa, ya ga fuskata ya gane. Ya riƙo hannuna.

"Yaya, ba a gabanta ba. Bari na nemo likitan a gefe."

"Wane gefe? Ga shi can zai shige."

Na fizge hannuna na bi su a guje, takalmina ɗaya ya tsaya a baya. Dab da ƙofar ɗakin tiyata na cafke ƙarfen gadon. Nas ta harare ni, ta ce iyakar 'yan uwa nan ne. Na ce ta kira mini likita ko kuwa gadon nan ba ya motsawa. Auta ta damƙe gefen mayafina.

Likitan ya leƙo, ya riga ya rufe hanci da baki.

"Likita, mu ɗan matsa can, magana ce."

"Baiwar Allah, ba mu da lokaci. Faɗi a nan."

Na dubi yarinyar. Idonta biyu, tana kallon bakina. Tsoro biyu suka haɗu mini, kuma na san wanda ya fi girma.

"Amsar da na ba ka ba daidai ba ce. Uwar da ta haife ta, a maganin barci ta mutu. Jikinta ya yi zafi, ba ta tashi ba."

Ya janye abin da ke bakinsa. "Uwarta ta jini?"

"Ƙanwar babanmu ce."

Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya juya ya ce a dakata, a canza magani, a shirya wata na'urar. Minti arba'in muka yi a bakin ƙofar nan. Ina ta surutu, ina ce mata yanzu za a gama, ina ce mata zan ɗinka mata riga mai aljihu biyu. Ban san lokacin da ta saki mayafin ba.

Awa biyu ina tsaye. Dogo ya kawo mini takalmina, na kasa sa shi.

Da la'asar likitan ya fito ya ce komai lafiya, ya ce da na yi shiru da labarin ya iya zama wani. Na gode wa Allah.

Na same ta ta farka, leɓɓanta a bushe. Yarinyar da ke cin naman kwanona ba tambaya, ta kwana da ƙafa a kan cikina, in na yi magana ta murguɗa baki. Na gyara mata filo, na ja mata bargo. Ta bi hannuna da kallo, ta ɗan gyara kwanciya don ta ba ni wuri.

"Na gode," ta ce a hankali. "Ki yi haƙuri na wahalar da ku."