Labule Don Tagoginta

Tun ranar da baƙon ya tare a saman bene Tela, mai ɗinkin da ke haya a ƙasa, ta ji jininta bai haɗu da nasa ba. Ƙato ne har da furfura, amma kullum cikin gajeren wando da silifas, sai ’yan gidan hayar suka raɗa masa Gajeren Wando. Daga wata ƙasa mai tsadar rayuwa ya zo. Aikinsa duk a kwamfuta yake, albashinsa kuma da kuɗin can ake biya. Da hantsi sai ya sauko da waya a kan sanda, yana washe baki, yana ɗaukar kansa a bidiyo, yana ba mutanen ƙasarsu labarin daɗin da ya tsinta.

Laifin dai na ’yan gidan ne, har da ita. An ga baƙo, kowa ya shiga yi masa kara. Mai aski na bakin ƙofa ya karɓi rabin kuɗi. Mai wanki ya ƙara masa da guga kyauta. Ita kanta da ya kawo wando zif ya mutu, gyarawa ta yi ta ce ya bar shi, da ya matsa ta karɓi kuɗin zare. Baba mai gida kuwa, wanda bai ƙara mata haya ba tun rasuwar mijinta, nauyi ya ji ya yanka wa baƙo fiye da na maƙwabtansa. Shi gogan bai san kara ba. Duk abin da aka yi masa don mutunci sai ya ɗauka farashi ne, ya kwasa ya watsa wa duniya.

Mai aski ne ya nuna mata bidiyon. Ga bayanta a kan keken ɗinki, ga barandar da take yanka yadi, ga muryar baƙon kamar ta mai tallar magani: “Ɗaki biyu da falo, da kuɗin da nake shan kofi a gida! Likita ba layi, tela a ƙofarka, mutanen nan ko kaɗan kuɗi bai dame su ba.”

“Mu ne kuɗi bai dama ba?” in ji Tela. “Uban wa ya faɗa masa?”

Ba ita kaɗai ta gani ba. Ɗan Baba na fari, wanda ake kira Manaja ko da yake ba a san abin da ya taɓa riƙewa ba, ya zauna ya karanta duk abin da aka rubuta a ƙarƙashin bidiyon. Mutane daga ƙasashe suna ta tambayar ko da sauran ɗaki, wasu na cewa za su ninka. Ba a rufa mako ba ya tsaya a barandarta, ko sallamar kirki babu.

“Anti, gyara za mu yi. Ƙarshen wata muna son wurin.”

“Wane gyara? A nan na haifi ’ya’yana, kana yawo ba wando. Ina Baba?”

“Baba ba ya jin daɗi. Ni ke kula da gida yanzu.”

Ta je ta buga ƙofar tsohon. Tana jin rediyonsa a ciki, aka rage murya, ba a buɗe ba. Wannan ya fi maganar Manaja ƙona mata rai. Masu kawo mata ɗinki duk ’yan layin nan ne, in ta bar barandar nan ta bar abincinta.

Tana cikin cusa ƙyallaye a buhu sai ga Gajeren Wando da bandir ɗin yadi a hammata, fuska fal fara’a.

“Mama Tela, albishir! Abokina ne zai shigo nan. Na ce masa kada ya nemi kowa, ke za ki yi masa labule. Wa ya fi ki sanin awon tagogin?”

Ta dube shi tun daga silifas har furfura. Ba mugunta a fuskarsa, abin da ya ƙara tunzura ta ke nan. Ta so ta watsa masa yadin a ƙasa, amma motar kwasar kaya ba da zuciya ake ɗaukarta ba. Sai ta faɗi kuɗin aikin yadda yake, yadda za ta faɗa wa kowa, ba ragi ko na sisi.

Fara’ar ta ɗauke. “Haba, Mama! Da ba haka kike ba.”

“Da ina da ɗaki.”

“Kin gani ko? Haka ake ɓata wuri,” in ji shi, yana girgiza kai kamar shi aka cuta. “Mai aski ma ya canja, mai wanki ya canja. Kwaɗayi ya shigo. Ni fa dama na fara duba wata ƙasa, an ce can ta fi nan araha, mutanenta kuma ba ruwansu. In haya ta ƙare sai in ƙara gaba.”

“Allah ya tsare su da kai.”

Bai gane ba, har da cewa amin. Ya ajiye yadin a kan kekenta ya haye sama yana latsa waya. Tela ta zauna ta warware yadin, mai kauri ne, irin wanda ta daɗe tana sha’awa ba ta iya saya ba. Ba ta nemi tef ɗin awo ba. Ta ɗauki almakashi ta fara da na tagar ɗakin kwananta.