Tsohuwar da Manhaja Ta Mayar Jaririya

A ofis kowa Sake-Duba yake ce mata, har sabbin ma'aikata suna zaton sunanta ke nan. Aikinta shi ne gwada manhajar da kamfaninsu ya haɗa wa wani babban asibiti. Manhajar kashi huɗu ce: rajista, ganin likita, awon jini da ɗakin magani, kowane kashi da mutanensa da jerin teburansa.

Ranar Talata da hantsi Oga ya tara su gaban babban allo. Gwaje-gwaje sama da dubu da kwamfuta ke yi da kanta duk sun fito kore, alamar komai lafiya, babu ja ko ɗaya. Ya ce jibi za a miƙa aiki. Aka tafa, aka watse.

Ita kuwa kujerarta ta ƙi zaunuwa. Ta je ta ɗebo ruwa ta ajiye ba ta sha ba. Ta tsaya bakin taga tana kallon masu babura suna rige-rige a mararraba. Abin da ke cin ranta shi ne, kowane kashi ya gwada nasa ne shi kaɗai, da bayanai masu tsabta da ya shirya wa kansa. Babu wanda ya ɗauki majinyaci guda ya bi da shi tun daga rajista har ya karɓi magani. Ta faɗa wa Oga haka tun makon jiya, ya ce lokaci ya ƙure.

Da azahar wayarta ta yi ƙara. Yayanta ne, yana cike wa Innarsu wata takarda, ya rasa abin da zai sa a gurbin ranar haihuwa. Ta ji muryar Inna daga can gefe tana cewa a rubuta duk abin da aka ga dama, ita dai ta san an haife ta. Suka yi dariya. Kafin ma yayan ya gama magana ta ce masa, "Yaya, zan kira ka," ta katse.

Ta buɗe shafin rajista, ta ƙirƙiri wata tsohuwa, ta bar gurbin ranar haihuwa babu komai. Rajista ta karɓa. Ta shiga a matsayin likita, ta rubuta mata maganin hawan jini. Ta bi da ita awon jini, lafiya lau. Da ta isa ɗakin magani sai allon ya nuna shekarun tsohuwar sifili, ya rage maganin zuwa ɗigon da za a ba jaririya, ya kuma ce komai daidai.

Ta maimaita sau uku, sannan ta kira Dogo, shugaban masu ɗakin magani. Ya sunkuyo ya duba, ya ce wannan ba laifin kashinsa ba ne, ai an yi alkawari rajista za ta riƙa turo shekaru. Mai kula da rajista ta taso daga teburinta ta ce asibitin ne da kansa ya roƙi a bar gurbin a buɗe, saboda dattawa da yawa ba su san ranarsu ba. Kowa ya buɗe takardarsa, kuma kowa yana da gaskiya. Murya ta fara tashi har Oga ya leƙo.

Ya saurara, ya shafa ƙeya, ya tambaya ko ba za a miƙa a gyara daga baya ba.

"Ranka ya daɗe," in ji Sake-Duba, "ranar farko ma za a kawo tsohuwa irin wannan. Mai ba da magani kuma allo zai bi."

Oga ya daɗe yana kallon sifilin nan. Daga baya ya shiga ofishinsa ya rufe ƙofa, suka jiyo shi yana ba asibitin haƙuri. Aka ɗage zuwa Litinin.

Gyaran bai ci awa biyu ba: in babu shekaru, ɗakin magani ya tsaya ya tambayi likita. Amma hankalinta bai kwanta ba. Ta ɗauko takarda tana jera wasu majinyatan da za ta bi da su cikin manhajar: wanda aka sauya wa gado ana tsaka da awon jininsa, mutum biyu masu suna ɗaya, wanda likita ya soke maganinsa bayan an riga an buga takardar. Ta rubuta har na tara.

Dogo ya jawo kujera ya zauna kusa da ita, har yanzu fuskarsa a ɗaure. Ya karanta jerin, ya sa yatsa a kan na shida.

"Fara da wannan," ya ce. "Ni ma tun ɗazu shi nake tsoro."