Ƙafar Falwaya

Ƙaurin ne ya fara isa hancina. Ina zaune a kan keken ɗinki na ba shi baya, ina fama da wuyan wata riga da mai ita za ta zo karɓa kafin la'asar, sai na ji kamar an jefa fata a wuta. Na waiwaya. Mijina yana kishingiɗe a tabarma, ya miƙe ƙafafun nan nasa da suka cinye rabin ɗakin, yana latsa waya yana murmushi. Dutsen gugar da na jingine a ƙasa ya faɗi, gefensa ya kwanta a kan ƙafarsa ta dama.

"Innalillahi! Maigida, ƙafarka!"

Ya ɗago ya dube ni, sannan ya dubi ƙafar. Sai a lokacin ya janye ta, ba ma cikin gaggawa ba. Fatar saman ƙafar ta riga ta saɓule, wurin ya yi fari.

"Ba ka ji ba?" na tambaye shi.

"Kai, 'Yar Guntuwa, ke dai kin cika ihu. Ɗan ƙuna ne."

Haka yake kirana, don ko kafaɗarsa ban kai ba. Shi kuwa Falwaya duniya ta san shi da shi, don tsayinsa kamar turken wayar lantarki. Tun yana saurayi yake buga wa ƙungiyar wani kamfani ƙwallon kwando, shi ake tsayarwa a gindin kwandon ya tare duk mai shigowa. Ɗakin da muke ciki na ƙungiyar ne, abin da muke ci daga ƙafafun nan yake fitowa. Ba mu kaɗai ba ma, har da mahaifiyarsa da yayansa da 'ya'yan yayan.

Na ɗebo ruwan sanyi ina zuba masa, na ce, "Wallahi yau sai ka faɗa min. Wace irin ƙafa ce wuta za ta ci mai ita yana dariya?"

Ya kawar da kai. Can ya ce allura ce. Tun farkon kakar wasa tsakiyar ƙafar yake masa ciwo, in ya yi tsalle ya dira sai ya ji kamar an soka masa ƙusa. Akwai mai yi musu tausa a ƙungiyar, kowa na ce masa Dokta alhali ko ƙofar makarantar likitoci bai taɓa leƙawa ba. Shi ke soka masa allura a wurin kafin atisaye da kafin wasa, sai ƙafar ta mutu mus har yamma.

"Kowa haka yake yi," ya ce. "Wanda ya ce yana ciwo, benci ake ajiye shi. Wanda ya daɗe a benci kuwa, in shekara ta ƙare ba a sabunta masa. Kin ga yaran da suke tasowa? Kowannensu wurina yake jira."

Na ji tsoro ranar, tsoro na gaske. Na kuma ji haushinsa, don wata da watanni muna kwana ɗaki ɗaya bai faɗa min ba.

* * *

Da rigima na kai shi asibiti. Likitar ƙashin wata dattijuwa ce mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta ɗaga hoton ƙafar a jikin fitila, ta nuna mana wani siririn layi da bakin biro.

"Ƙashin nan ya tsage," ta ce. "Dogayen mutane irinka suna yawan samun haka. Ciwon da kake ji shi ne yake ce maka ka tsaya, kai kuma ka je an toshe masa baki. Ga ƙuna a sama, ga ramukan allura a gefe, wannan ɗin ma ya fara ja. Za mu ɗaure ta, ka ajiye ta wata uku ba ka taka ba."

"Likita, wasan ƙarshe saura mako biyu."

Ta cire tabarau ta dube shi. "Malam, ni ƙafa nake gani, ba wasa ba. In ka hau kanta ta karye, ga miki a buɗe, ban yi maka alkawarin komai ba."

Ya ce zai yi shawara da gida. Ni kuwa na san inda shawarar za ta kai mu.

* * *

A tsakar gidan Inna, mahaifiyarsa, aka zauna. Ita tana kan kujerarta 'yar tsugunne, Yaya Babba ya harɗe a tabarma da hular da ƙaninsa ya saya masa. Mutumin nan tun da na shigo gidan ban ga ya riƙe sana'a ta kai shekara ba, amma in ana maganar ƙwallo sai ka rantse shi ya ƙirƙiro ta.

"Koci ya kira ni da kansa," in ji shi. "Akwai wakilin wata ƙungiya daga ƙasar waje da zai zo kallon wasan ƙarshe. Saboda wa zai zo? Saboda kai. Shekara nawa muna jiran wannan rana? Yanzu ka je a naɗe maka ƙafa kamar kuturu? Ai ba a fafe gora ranar tafiya."

"Yaya," na ce, "likita ta ce..."

"Likita! Su ai ko atishawa ka yi sai su ce a kwantar da kai. Wasa ɗaya ne fa. In ya tafi can, likitocin can za su gyara ta tas."

"Da muguwar rawa ai gara ƙin tashi, Yaya. In ƙafar ta tafi, da me zai je can ɗin?"

Inna ta ajiye carbinta. "Ke 'yar nan, bakinki ya sari ɗanyen kashi. Ana neman alheri kina kira mana tsiya? Ni na haife shi, na fi ki sanin ƙashinsa." Ta juya wurin ɗanta, muryarta ta yi laushi. "Auta, ni ban san ƙwallo ba. Amma ka dubi rufin nan, ka dubi yaran nan. In Allah ya buɗe maka ƙofa kada ka tsaya a bakinta. Zan yi ta addu'a, babu abin da zai same ka."

Ba zan ce ba ta son ɗanta ba, tana son sa. Har hawaye ta yi tana maganar. Amma babu wanda ya ce ya cire safa a ga ƙafar, ita kuwa tana nan miƙe a gabansu. Mijina, ƙaton da ake tsoro a fili, ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Inna."

Da muka dawo na yi masa tas. Na ce ni keken ɗinkina zai riƙe mu, in ƙungiyar ta karɓe ɗakin mu kama wani, ko na langa-langa ne.

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "'Yar Guntuwa, ni me na iya? Tun ina ɗan sakandare aka cire ni daga aji aka ce tsawona ne arzikina. Ko zura zare a allurar keken nan ban iya ba. Ki bar ni in yi wannan ɗin, daga shi na ajiye."

* * *

Ranar wasan na bi shi har ƙofar ɗakin da suke sauya kaya. Mai gadi ya san ni, ya bar ni na tsaya a bakin ƙofa. Warin man zafi da gumi ya cika wurin. 'Yan wasa sun yi layi a kan dogon benci, wannan ya miƙa gwiwa, wancan ya miƙa idon sawu, Dokta yana bin su da jakarsa yana raha.

Da ya zo kan mijina ya warware bandejin, sai na ga ya ɗan ja da baya. Ƙunar ba ta warke ba, gefenta ya kumbura yana sheƙi. Ya dubi Koci. Koci ya dubi agogo.

"Dokta, don girman Allah," na ce daga inda nake.

"Haba Hajiya, kwantar da hankalinki. Ni na riƙe ƙafar nan tun kafin ki san mai ita." Ya goge wurin da auduga, ya soka. Ya sake zuƙowa ya ƙara ta biyu. Sannan suka haɗu su biyu suka tura ƙafar cikin takalmi, suka ja igiya suka ɗaure tam.

Ban san dokokin wasan nan sosai ba, amma na san mijina, kuma ranar ban taɓa ganin ya yi wasa kamar haka ba. Yana tashi sama ya doke ƙwallo daga hannun mutum, ya ruga ɗaya gefen ya danna ta cikin kwando har ƙarfen ya girgiza. Ɗakin wasan ya ɗauka, "Falwaya! Falwaya!" Yaya Babba yana gefena yana dukan ƙirji yana gaya wa kowa ƙaninsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Bayan an dawo hutun rabin lokaci ya yi wani tsalle, ya dira a kan ƙafar dama. Na ga ƙafar ta lanƙwashe ta inda ƙafa ba ta lanƙwasa. Na miƙe tsaye na ƙwalla ihu, amma wa zai ji ni? Shi ma bai ji komai ba. Ya ɗan yi tuntuɓe, ya duba ƙasa kamar mai neman abin da ya taka, ya ci gaba da gudu. Haka ya ƙarasa wasan nan yana dira a kan karyayyen ƙashi, ni kuma ina kuka a tsakiyar masu murna.

Sun ci kofin. Aka ɗaga shi sama aka zaga fili da shi. Baƙon nan, wakilin ƙungiyar ƙasar waje, ya zo ya yi masa musabaha, ya ce yana so ya ƙara ganin sa a atisaye kwana biyu zuwa uku kafin ya yanke shawara.

Wannan maganar ita ta ƙarasa mu. Da yamma ƙafar ta cika takalmin, da almakashina na yanka shi kafin ta fita. Na ce asibiti. Koci ya ce in baƙon ya ji an je asibiti magana ta lalace. Yaya Babba ya tare ƙofa, wai kada in zubar musu da abin da ya riga ya zo hannu. Dokta ya zo har gida da jakarsa. Mijina yana zufa yana kakkarwa, ya kama hannuna ya ce, "Ki yi haƙuri, saura kaɗan."

Bai kai ga atisaye na biyu ba. Zazzaɓi ya rufe shi har yana sambatu, yatsun suka fara baƙi. Maƙwabta na kira suka taya ni ɗaukarsa, don mutum huɗu ne ke iya ɗaga shi. Likitar nan ta buɗe ƙafar ta duba. Ba ta yi mana gori ba. Ta ce kawai ciwon ya shiga ƙashi ya fara hawa sama, in ana son ransa sai a raba shi da ita daga ƙasan gwiwa. Aka nemi Yaya Babba ya zo a yi magana, wayarsa a kashe.

* * *

Baƙon ya koma ƙasarsu da wani yaro daga ƙungiyar da aka cinye. Koci ya zo dubiya sau ɗaya da ledar lemo, ya ce ƙungiya ba za ta manta da shi ba, kafin wata ya zagayo aka aiko a ce ana buƙatar ɗakin. Dokta yana nan yana aikinsa, an ce min layin ma ya ƙaru. Inna takan zo ta zauna ta yi ta kuka tana cewa ƙaddara ce. Ina gaishe ta, in ba ta ruwa, amma har yau in ta faɗi kalmar nan sai na ji zuciyata tana tafasa.

Yanzu muna wani ɗaki a bayan kasuwa, kekena a bakin taga. Jiya da azahar ina ɗinki na ji yana nishi. Na waiwaya, na gan shi a kan gado ya damƙe zanin gadon, gumi na keto masa.

"Mene ne, Maigida?"

"Ƙafar," ya ce. "Tsakiyarta, wurin nan dai. Kamar ƙusa."

Likita ta gaya min haka za ta riƙa faruwa, mutum ya riƙa jin ciwon abin da aka riga aka cire. Na ce bari in ɗauko masa maganinsa.

"Ba ya yi min. Don Allah ki ɗan matsa min ita, 'Yar Guntuwa. Kaɗan kawai."

Idonsa a rufe yake. Na zauna a ƙarshen gadon, na ɗora hannuna a kan katifa, daidai inda ƙafar za ta kai da tana nan, na fara dannawa.

"Nan ne?" na tambaye shi.

"Ƙasa kaɗan," ya ce.

Na matsa ƙasa kaɗan.